Ƙwan fitila a cikin robar da sai an yanka: yaya za a yi da gwaji?

Sani Lantarki: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya kasuwa? Shawara nake nema, don abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Sati uku da suka wuce na saro katan biyar na ƙwan LED mai wat 12 a wajen wani dila. Sabon zubi ne, ba irin na kwali da muka saba ba. Kowane ƙwai an kulle shi a cikin roba mai tauri, garau kana hango shi, an narka bakin robar an manne zagaye, ga kati mai sheƙi a ciki. A ido dai babu laifi, ranar da na rataye su maƙwabcina har cewa ya yi shagon ya koma na 'yan gayu. To amma kun san mutumin Kano, ba ya zaro kuɗin ƙwai sai an ɗora masa a tasta ya ga haske da idonsa. Wannan kuwa ba ya gwaduwa sai an sa reza. In na yanka sai mutum ya ce au, fari yake so ba mai ruwan ɗorawa ba, ko ya tuna holdar gidansa mai fin ce ba sukuru ba. Shi ke nan an bar ni da ƙwai tsirara, wanda ya zo bayansa kuma ya ce tsoho ne wani ya dawo da shi. Yanzu haka guda goma sha ɗaya ne a cikin bokiti a ƙarƙashin kanta, ko katan biyu ban ƙarar ba. Masu irin wannan kaya, yaya kuke yi?

Auwalu Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Oga Sani, ka ɗauko kayan shofin mol ka kawo France Road, me kake jira ban da haka? Ka sa AC da kwandon turawa kawai ka huta.

Sani Lantarki: Kai dai Auwalu ba a abin arziki da kai. Ni ina ta kaina kana tsiya.

Alhaji Kabiru Mai Kwantena: Wasa yaron nan yake yi amma ya faɗi gaskiya. Malam Sani, wannan robar ba don kasuwarmu aka yi ta ba. Akwai wani gari da ake kira Guzhen a yankin Zhongshan na lardin Guangdong a Sin, kusan garin gaba ɗaya sana'ar fitila suke yi. In ka shiga kamfani ka zaɓi ƙwai, tambayar da ke biye da farashi ita ce a cikin me za a zuba maka, kwali mai hoto ko roba. Ƙwan ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Masu ɗaukar na roba galibi masu kai wa manyan kantuna ne, inda babu mai shago a tsaye a kanka. Ka duba saman katin za ka ga huda, ta ratayewa ce a jikin ƙugiya. Taurin nan da girman nan da gangan ne, don kada wani ya zare ƙwan ya sa a aljihu ya bar musu fanko. Wato maganin ɓarawo ne. Kai kuma kayanka suna bayan kanta, yaronka ne ke miƙowa, wane ɓarawo kake tsoro? Na biyu, mu da muke lodi wuri muke biya, ba nauyi ba, don ƙwai ba shi da nauyi. Na roba ba ya jeruwa ƙam kamar kwali, iska ce ke cinye wurin. Kwantenar da za ta ci kaya kaza na kwali ba za ta ci haka na roba ba, kuma kuɗin jirgi da na fito da na tirela daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas zuwa nan duk a kan ƙwan za a raba. Shi ya sa tun da na gwada sau ɗaya ban sake ba.

Isa Mai Wayarin: Allah ya ƙara girma Alhaji. Ni nawa ƙorafin na masu aiki ne. Watan jiya na haɗa wutar wani gida a Rijiyar Zaki, mai gidan ya sayo ƙwai arba'in da biyu duk masu irin wannan robar, wai shi orijina yake so. Wallahi buɗe su ya fi ɗaura su cin lokaci. Almakashi ya gaza, filaya ta gaza, sai da na koma wuƙar fere waya. Bakin robar in an yanka kaifi ne da shi kamar gwangwani, ya tsaga mini nan tsakanin babban yatsa da manuni, na ƙarasa aikin da salatif a hannu. Da muka gama tulin robar ya cika buhun siminti biyu.

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri iyayen gida, ni ba 'yar kasuwa ba ce, maigidana ne ya sa ni a zauren nan saboda ina ɗan sarin fitilar caji ina sayarwa a gida a Kurna. Amma bari in yi magana da bakin mai saye, don na ga duk kun haɗu a gefe ɗaya. Ni na fi yarda da mai robar. Dalili kuwa an taɓa yi mini. Na aiki Khalifa ya sayo ƙwai uku a wani shago, an gwada masa duk sun kawo, ya zo da su a kwalinsu mai kyau an rubuta wat 18. Ɗaya ko kwana huɗu bai yi ba ya fara ƙifta ido ya mutu. Da babansu ya ɓalle murfin sai ga ƙura a ciki da tabon dalma, ashe gyararre ne aka sa a sabon kwali. Kwali kowa na iya buɗewa ya musanya ya rufe, babu mai ganewa. To ni mace da nake cikin gida, yaro nake aika, mene ne shaidata in ba wannan mannewar ba?

Auwalu Ɗan Fagge: Hajiya ta kawo ƙara. Masu shago a fito a kare kai.

Injiniya Bashir: Abin da Hajiya ta faɗa yana faruwa, kuma ya kamata a san yadda ake yin sa. A cikin ƙwan LED akwai faranti mai ɗauke da 'yan ƙananan ƙwayoyin haske da aka jera su a layi ɗaya, wuta na bi ta wannan ta shiga wancan. In ɗaya ta ƙone, za ka ga ɗigon baƙi a kanta, duk layin ya mutu. Masu gyara sai su kankare ta su haɗa wurin da dalma. Nan take ƙwan ya kawo, a tasta ba ka da abin cewa. Amma ba a taɓa abin da ya kashe ta farkon ba, yawanci zafi ne ko wutar da ta fi ƙarfinsu, don haka ba a jimawa wata ta bi. Tasta abu ɗaya take gaya maka, cewa ƙwan yana da rai a wannan daƙiƙar. Ba ta gaya maka wat nawa ne da gaske, ba ta gaya maka ko zai kai Sallah.

Sani Lantarki: To Injiniya ka koma bayan roba ke nan?

Injiniya Bashir: A'a Yaya Sani, ban gama ba. Tambayar ita ce daga me robar take kare ƙwan. A zamanin ƙwan gilas mai wat 60 da 100, fashewa ce babbar asara, kuma ko a lokacin da me aka kare shi? Ɗan kwali mai gurza-gurza, buɗe sama da ƙasa. Na LED kuwa kansa ba gilas ba ne, roba ce mai ƙarfi, irin wadda ake kira polikabonet, jikinsa roba da alminiyam a ciki. Ka sake shi daga kan kanta sau da yawa murfin ne kawai zai ɓalle ka mayar. Abin da ke kashe shi yana ciki: ɗan allon da ke juya wutar gida mai bolt 230 zuwa wadda ƙwayoyin ke ci, musamman kafasita, wadda zafi ke busar da ita, da kuma hawa da saukar wuta irin namu. Babu robar da ke maganin wannan. Abin da na yarda tana yi shi ne tare ƙura da laima. Wanda ya ga yadda hunturu ke mayar da farin kwali ja a shagon bakin titi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina roƙon masu rataye su a waje su daina. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, robar da aka rufe ruf a rana kuwa kamar mota ce da aka ɗage gilasanta. Ga masu batir a ciki, irin na caji, abin ya fi muni, don batirin lithiyam ba ya shiri da zafi.

Maman Khalifa: Su na cajin ma ai gwajinsu daban ne. Ni yatsa nake ɗan jiƙawa in taɓa gindin da gefen ƙarfen, sai ya kawo a hannuna, mata su yi ta salati. In da a rufe suke da ban sayar da ko ɗaya ba. To kun ga ni ma na faɗa ramin da na haƙa.

Alhaji Kabiru Mai Kwantena: Hajiya, ƙarin bayani a kan shaidar da kike nema. Injin da ke manne robar nan ba wani abin a zo a gani ba ne, ya hau kan tebur. Wanda ya iya buga kwalin jabu zai iya buga kati ya manne roba. Na sha ganin mai roba da aka rubuta wat 20 a jiki, a sa shi kusa da wat 9 na kirki ya ji kunya. Ki koya wa Khalifa ya duba lumen, shi ne ma'aunin haske. Tsohon ƙwan gilas mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, na LED mai wat 9 zuwa 10 yana ba da kusan haka. In kika ga ɗan mitsitsin ƙwai mara nauyi an rubuta masa lambar da ta fi ƙarfin jikinsa, to rubutu ne kawai. Kayan da suka shigo ta hanya suna da takardar SONCAP ta hukumar SON mai kula da ingancin kaya, dila na ƙwarai ba zai ji haushi ba in ɗan sari ya tambaye shi.

Baba Ɗanlami Jari Bola: Ina ta karatu ina jiran a zo wajena, don duk inda kuka kai kuka kawo, a hannunmu robar take ƙarewa. Ko kuma in ce ba ta ƙarewa, don ba ma ɗauka. Yarana da ke zagaye da kura sun san abin da ke da kuɗi: gorar ruwa da ta lemo, fasasshen bokiti, kujerar roba, jarka, silifa. Waɗannan ana auna su a kilo, a niƙa, masu kamfani a Sharaɗa da Challawa da Bompai su narka su yi wani abin. Amma wannan ta ƙwan, na farko ba ta da nauyi, sai ka cika buhu ba ka ga komai a sikeli ba. Na biyu ga kati da gam a jiki sai an zauna an ɓare. Na uku wanda ya fi duka, ba ka san irinta ba. Wata irin ta gora ce, mai lamba 1 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Wata kuma irin ta bututun ruwa ce, mai lamba 3. A ido kamarsu ɗaya, da yawa ma ba a buga lambar. In mai lamba 3 ta shiga cikin niƙan gora, wajen narkawa sai ta ƙone ta ɓata sauran, a dawo maka da kaya ko a karya farashi. To wa zai ɗauki kasada a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba? Kwali kuwa ko jiƙaƙƙe ne muna saye, masu yin kiret ɗin ƙwan kaji suna nema.

Isa Mai Wayarin: Baba, to buhu biyun da na bari a Rijiyar Zaki fa? Maigadi na ga ya ja su bayan katanga ya ƙyasta ashana.

Injiniya Bashir: Wannan shi ne abin da ba a so. Mai lamba 3 ɗin da Baba ya faɗa ita ce PVC, akwai sinadarin kulorin a jikinta. In ta ci wuta hayaƙinta yana fitar da iska mai yaji da ke ƙona maƙogwaro da ido, da wasu gubobi da ake kira dayoksin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu ƙona waya don cire jan ƙarfe ya san warin. Kada a hura gawayi da ita, kada a bar yara su ƙona.

Baba Ɗanlami Jari Bola: Wadda ba a ƙona ba kuma tana kwata. Ku leƙa magudanar Jakara a watan Agusta ku ga abin da ke toshe bakin kwalbati. Ban ce robar ƙwai ce ta cika shi ba, ledar fiya wata ta fi ta laifi nesa ba kusa ba, amma ita ma tana ciki, kuma ba ta ruɓewa.

Malam Nasiru Gwale: Ni tambayata ga Alhaji da Injiniya. Ina da ragowar katan na tsohon enaji seba, mai lanƙwasar nan kamar igiya, tun kafin LED ya kashe masa kasuwa. Shi ai gilas ne siriri. A nan ba roba ce ta fi ba?

Injiniya Bashir: A nan kam na ba ka gaskiya Malam. Shi wannan akwai zaiba a cikin bututunsa, 'yar kaɗan ce, miligiram ƙalilan, amma guba ce in aka shaƙa. Duk abin da zai hana shi fashewa alheri ne. In ya fashe a ɗaki a fitar da yara, a buɗe taga na ɗan lokaci, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda, ban da sharewa da tsintsiya tana tayar da ƙurar. Ka kuma yi ƙoƙari ka rabu da su, don zamaninsu ya wuce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba, wadda Najeriya ke ciki, ta sa 2025 a matsayin shekarar daina ƙera irin waɗannan na gida da shigo da su.

Malam Nasiru Gwale: To Allah ya kawo mai saye. Bari kuma in sa baki a kan asalin maganar, don na ga an bar wani gefe. Malam Sani, a fiƙihunmu na ciniki akwai abin da ake kira khiyarul aibi. In mutum ya sayi kaya ya tarar da aibin da yake tun a hannun mai sayarwa kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Ko a kwali yake ko a roba, hukuncin bai canza ba. Saboda haka rubutun nan da wasu ke liƙawa cewa in an yanka ba a dawowa, a yi hattara da shi. In ya yanka a gida ƙwan bai kawo ba, ta ina zai san aibin in bai yanka ba? Amma wanda ya sa aka yanka masa, ƙwan ya kawo lafiya, sannan ya ce launin bai yi masa ba, wannan ba aibi ba ne, ra'ayi ne ya canza. Kana da damar ka faɗa masa tun kafin reza ta taɓa.

Sani Lantarki: Malam, Allah ya saka da alheri, nan ne na yi sakaci. Kunya ce take hana ni. Mutum ya girme ni ya ce yanka in gani, sai in kasa cewa sai ya biya.

Auwalu Ɗan Fagge: Ni dabara ce da ni ta gaske wannan karon. Ka ɗan huda robar ta wajen gindin kawai, ka zura wayoyi biyu daga soket ka taɓa. Ƙwai ya kawo, roba tana nan.

Isa Mai Wayarin: Auwalu kana so a yi mana zaman makoki a France Road? Tsirarar waya mai wuta a hannun yaron shago, a cikin cunkoso, kusa da tulin kwali? Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba za su yi dariyar wannan ba. Oga Sani kada ka soma.

Auwalu Ɗan Fagge: Na janye. Tuba nake.

Alhaji Kabiru Mai Kwantena: Dabarar tasa akwai ta, amma a kamfani ake yin ta. Akwai zubin da ake barin gindin ƙwan a waje, roba ta rufe kan kawai, ka ɗora a tasta ba tare da ka yanka komai ba. Akwai kuma wanda aka naɗe bakin robar, katin yana zamewa kamar aljihun tebur, ka zare ka gwada ka mayar. Wanda ya nace sai roba, waɗannan zai nema. Sai dai mai zamewar ya dawo da mu kan kukan Hajiya, tunda abin da ya buɗu ya rufu ana iya musanya shi. Su kansu Turawan sun gaji da mai mannewar, kamfanin Amazon tun 2008 ya fito da tsarin tura kaya a kwalin da hannu ke buɗewa saboda ƙorafin masu saye.

Maman Khalifa: To ni dai yanzu na rasa tudun dafawa. Kwali a musanya, roba a yi jabunta, tasta ba ta faɗin gaskiya duka. Me zan ce wa yaron in na aike shi?

Isa Mai Wayarin: Hajiya ki ce a rubuta masa kwanan wata. Akwai wanda nake saye a wajensa shekara da shekaru, kowane ƙwai sai ya sa alƙalamin maka ya rubuta ranar da ka saya da 'yar alamarsa a wuyan ƙwan, ba a kwali ba. In ya mutu kafin wata shida ka kai masa ya canza, ba musu. Shi ma haka yake tara su ya mayar wa dilansa. Mai sayar da gyararre ba zai taɓa yarda ya sa hannunsa a jiki ba, nan za ki gane shi.

Sani Lantarki: Jama'a na dawo, ku gafarce ni jiya ban leƙo ba. Bayan Azahar na je wajen dilan da katan ukun da ban taɓa ba. Da farko ya ce kaya sun fita sun fita, sai da maigidansa ya sa baki ya karɓa ya ba ni na kwali, amma ya zabge mini kuɗin dako da wani abu a kai. Na haƙura. Ragowar na sauke su daga rana kamar yadda Injiniya ya ce. Na kafa holda biyu a jikin allo, fari ɗaya, mai ruwan ɗorawa ɗaya, suna kunne, mutum ya zaɓi launi a nan, in tambaye shi fin ko sukuru, ya biya, sannan a yanka a gabansa a gwada a rubuta kwanan wata. Yau na sayar da bakwai haka, mutum ɗaya ne ya yi fushi ya tafi. Robar kuma na ajiye buhu ina tarawa a shago. Baba Ɗanlami, ko kyauta ba za ka karɓa ba?

Baba Ɗanlami Jari Bola: Ka duba bayanta. In ka ga lamba 1 ka ɓare katin ka tara, in yaro ya biyo ta nan zai ɗauka, amma kada ka sa ran ko sisi. In babu lamba kada ka haɗa mini.

Isa Mai Wayarin: Oga Sani, sha ɗayan nan na cikin bokiti fa? Ina da aikin wata Islamiyya a Ɗorayi ranar Asabar, ba ruwansu da riga. Nawa za ka bar mini?

Sani Lantarki: Tunda na makaranta ne ka ba da uwar kuɗi kawai. Amma tara ne fari, biyu masu ruwan ɗorawa ne, kuma duk sukuru.

Isa Mai Wayarin: Holdojin nasu fin ne. Bari in tambayi shugaban makarantar ko zai yarda a canza, zan kira ka bayan Magariba.